Kofin da Ya Ɗauki Sunan Yari

Duk wanda ya saba bi ta bayan Tudun Wada a Gusau da hantsi ya san wani siririn magidanci mai furfura a gemu, ƙafafunsa sun ɗan yi baka, yana janye da dawaki biyu ko uku zuwa bakin gulbi. Yari 'Yankuzo ke nan. 'Yan kabu-kabu kan danna masa hon, ya ɗaga musu hannu ba tare da ya waiwaya ba, domin idonsa kullum yana kan kunnuwan dokin da ke hannunsa. A unguwa an san shi da mai horar da dawakin masu hali, kuma haka ɗin ne. Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, shekara goma sha biyu cur da wuya a sami mahayin da ya sha gabansa a gasar kwana uku, daga Gusau har Kaduna da Jos, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa rubuta sunansa a jikin kofi ko guda ba. Abin ya tsaya masa a rai, shi ne kuma ya kai shi ga yin abin da tsofaffin mahaya ke ba da labarinsa har yau.

A 'Yankuzo aka haife shi, cikin ƙasar Tsafe, a gidan manoman gero da dawa. Mahaifinsa yana da goɗiya guda ɗaya, ba ta ado ba. Ita ke kai buhu kasuwa, ita ke ɗauko taki, ita ake aro in za a kai mara lafiya bakin titi. A bayanta Yari ya koyi hawa, ba sirdi ba linzami, daga ragamar igiya sai dugadugansa. A wancan lokacin mutum kan ratsa dajin nan shi kaɗai ba ya fargabar kowa, abin da ke tare hanya sai kwazazzabo da shingen ƙaya. Sauran samari kan zagaye. Yari kuwa ragon zagaye ne, don haka ya koya wa goɗiyar tsallakewa. Ya sha ƙasa, ya sha bulala a hannun uban, bai daina ba.

Wata ranar kasuwar Tsafe da damina, ruwa ya cinye wani ɗan kwalbati a bakin gari, mutane suka yi cirko-cirko da kayansu. A cikinsu akwai Saje Luka, mutumin Filato, tsohon ɗan sandan doki wanda ya ajiye aiki ya zauna a Gusau yana kula da bargar wani attajiri. Ya zo sayen kanwa ne. Yana nan tsaye sai ga saurayi a kan goɗiya. Saurayin ya sauka, ya taka har bakin ramin, ya danna ƙasa da ƙafarsa nan da can, ya koma da baya yana ƙirga taku, sannan ya hau ya tsallake abinsa. Jama'a suka yi ta mamakin tsallen. Saje bai damu da tsallen ba, saukar da ƙirgan ne suka kama shi. Ya zagaya ta gona, takalmansa duk laka, ya tare saurayin.

“Kai yaro, wa ya koya maka auna ƙasa kafin ka yi tsalle?”

“Hwaɗuwa ta, Baba,” in ji Yari. “Na gaji da ita.”

Saje ya yi dariya har da riƙe ciki. Kafin wata ya ƙare ya je 'Yankuzo da goro ya roƙi uban. A shekarar da Gusau ta zama babban birnin jiha, Yari ya shigo ta da ƙullin kayansa.

Gasar da ake magana ba sukuwar wa-ya-riga ba ce. Kwana uku ake yi, doki ɗaya da mahayi ɗaya. Ranar farko taku ne: a shiga fili mai kusurwa huɗu, doki ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya juya, ya tsaya cak, alƙalai na kallo, ba a so a ga ko hannun mahayi ya motsa. Rana ta biyu daji ne, da gungumen itace da rami da tudu da ruwa, agogo na tafiya, kuma dokin da ya turje sau uku a wuri guda an fitar da shi. Rana ta uku, bayan gajiya ta gama da kowa, sai a jera sanduna masu launi a tsallake, duk sandar da ta faɗi a rubuta wa mahayi laifi. Wanda ya fi ƙarancin laifi a kwana ukun shi ya ci. Tsofaffin sojoji da 'yan sandan doki ne suka kafa ƙungiyar da ke shirya gasar, attajirai suka shigo da dawakinsu.

Daji da tsalle ba sai an koya wa Yari ba. Takun ne ya ba shi wuya. Saje ya ƙwace masa linzamin gargajiya mai zobe, wanda ke sa doki ya ɗaga kai ko yana so ko ba ya so, ya ba shi mai laushi. Yakan tsinko ganyen mangwaro ya sa masa tsakanin gwiwa da sirdi, in ganyen ya faɗi a koma farko. Wata shida ana wannan. Yari ya haɗa kayansa sau biyu zai koma gona, sau biyun kuma matar Saje, Mama Monica, ta zaunar da shi da kwanon gwate ta ce ya ci tukuna, tafiya ba ta gudu. A shekara ta biyu ya ci gasarsa ta farko a Kaduna.

Mai bargar shi ne Alhaji Mahadi, babban ɗan kasuwar hatsi, mutum mai fara'a da sakin hannu. Kada a yi masa ƙarya, bai taɓa wulaƙanta Yari ba. Shi ya tsaya masa a aurensa, shi ya sama masa gidan Tudun Wada. Sai dai dokar ƙungiya ita ce kofi na mai doki ne. Yari zai fito daga daji jina-jina, ƙaya ta yage masa hannu, mai sanarwa ya ɗauki lasifika ya ce, “Dokin Alhaji Mahadi Mai Hatsi Gusau ya ci!” Alhaji ya gyara babbar riga ya je ya karɓa, a ɗauki hoto, Yari na can gefe riƙe da linzami. Kofi tara aka tara a haka, aka jera su a falon Alhaji.

Kowace Juma'a da safe Yari ne ke goge su da toka da lemon tsami. Ba wanda ya sa shi, shi ya ɗora wa kansa, wai barorin gida ba su iya ba. Karatun allo ya yi, bai yi boko ba, saboda haka rubutun da ke jikin kofunan ba ya ce masa komai a ido. Amma babban yatsansa ya haddace shi. Ya san inda sunan ke farawa, ya san yana zagayawa har kusan bayan kofin kafin ya ƙare, ya san wuraren da toka ke maƙalewa sai an sa tsinke.

Matarsa Bara'atu 'yar Bungudu ce, ta yi firamare, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma magana ba ta kwana a bakinta. Ranar da ya dawo daga Jos da nasara ta tara, ta ajiye masa tuwo ta zauna tana kallonsa.

“Malam, shekara goma sha biyu ana hwaɗin ka ci kohi, ka ci kohi. Ni ko na shan shayi ban ga ka shigo da shi gidan ga ba.”

Da wasa ta faɗa, shi ma ya yi dariya. Amma loma uku ya yi ya wanke hannu. Bara'atu ta gane ta taɓa inda ke ciwo, ta yi nadama, sai dai maganar ta riga ta fita, kuma gaskiya ce.

Hanya ɗaya ce tak mutum ya ga sunansa a kofi: ya ci a kan dokinsa na kansa. Yari kuwa abin da ya mallaka mai kofato guda ne, yana ɗaure a bayan ɗakinsa. Lokacin da mahaifinsa ya rasu, yayyensa suka ɗauki gonaki, shi ya ce a bar masa 'yar duƙusar da tsohuwar goɗiyar ta haifa a ƙarshen rayuwarta. Baƙa ce mai farin ciki da fararen ƙafafu, an haife ta a makon da shamuwa ta iso, sai sunan ya bi ta. Shekara shida yana horar da Shamuwa bayan la'asar, Saje na zaune a kan kututture yana gyara masa. Ba ta da girma, ba ta da wuyan nan mai lanƙwasa da ke sa 'yan kallo ihu. Abin da take da shi hankali ne, da ƙafafun da ba sa kuskuren wurin sauka.

To, a nan matsalar take. A ƙasar nan namiji mai ji da kansa ba ya hawa goɗiya a gaban jama'a. Kada ka tambayi dalili, ba wanda zai ba ka amsar da za ta shiga kai. Goɗiya ta haihuwa ce da dakon buhu da mutanen ƙauye. Ingarma kuwa a ɗaure shi a turke cikin inuwa, a ba shi gero da harawa da kanwa, a kawo masa ruwa a baho har gabansa kamar ango. Tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa shigar da goɗiya ba, ba wanda ma ya taɓa tunanin a hana, don ba wanda ya zaci za a sami mai wannan rashin kunya.

A shekarar aka ce za a yi gasar a Bungudu, bayan ɗaukewar ruwa, a wani fili da ke bakin gulbi. Shamuwa ta cika shekara tara, ƙarfinta ya kai inda zai kai. Gwiwoyin Yari kuma sun fara yi masa magana da safe. Ya lissafa ya ga in ba bana ba, to babu. Ya sami Alhaji a zaure bayan la'asar, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Alhaji ya ce, “Yari, mi na rage ka da shi?”

“Ba ka rage ni da komi ba, ranka shi daɗe.”

“To, goɗiya? Gaban mutanen Kaduna da Jos? A ce mahayin Alhaji Mahadi ya koma ɗaukar buhu? Ga Aradu nan, dokin da babu irinai ƙasar ga, ka bar shi ka hau abin kai taki?”

“Aradu naka na, Alhaji. Ita ko tawa ta.”

Alhaji ya gane sarai, kuma ganewar ce ta ƙara ɓata masa rai. Ya ce shi ba zai hana mutum abin da ya yi niyya ba, amma wanda ya hau goɗiya a filin Bungudu ba zai sake hawa dokin bargarsa ba. Yari ya yi godiya, ya sa takalminsa. A hanyar gida ya yi ta lissafin yadda zai ci da gida, domin iyali gare shi, kuma bai san wata sana'a ba. Da ya faɗa wa Bara'atu, ta ce man gyaɗa bai taɓa barin gida da yunwa ba, ya je ya yi abin da ke gabansa.

Saura kwamitin gasa. Saje Luka ya sa tsohuwar rigarsa ta kaki, ya ɗauki littafin dokoki wanda bangonsa ya cinye, ya je. Shugaban kwamitin wani tsohon manjo ne mai gashin baki.

“Saje, ingarma goma sha takwas ne za su taru. Ka kawo mace tsakaninsu, wa zai riƙe su?”

“Yallaɓai, dokin da ƙanshin goɗiya zai hana shi jin linzami ba a gama horar da shi ba. Ga littafi, a nuna mini inda aka ce sai namiji.”

Aka buɗe, aka rufe, aka sake buɗewa, babu. Sai suka kafa sharaɗi biyu. Ba za a ɗaure ta a rumfunan da aka yi wa dawaki ba, sai can nesa inda iska ba za ta kawo ƙanshinta ba. Kuma kowace rana ita ce ta ƙarshen shiga, bayan mazan sun gama. Sun ɗauka wulaƙancin zai sa Yari ya janye. Shi kuwa da Saje ya kawo masa labari, cewa ya yi, “Madalla.”

Suka isa Bungudu da saura kwana uku. Ingarmun suka sauka daga manyan motoci, aka shigar da su rumfa, tankar ruwa na zagayawa tana cika musu baho. Shamuwa aka ɗaure ta a gindin wata ɗorawa kusa da lambun gidan su Bara'atu, inda tanka ba ta zuwa. Bai dame ta ba. Tun tana duƙusa ba ta san ruwan baho ba, gulbi take sha. Safe da yamma Yari kan ja ta can ƙasa da filin gasa, mashayar da Fulani ke kai shanu, su shiga har gwiwa, ya yi mata fito ta sunkuya ta sha.

Ranar duba hanyar daji, mahaya suka hau bayan a-kori-kura da dogayen takalmansu masu ƙyalli. A wuraren da suka saba yin gasa, ruwan da ake tsallakawa wani ɗan tafki ne na siminti, iya idon sawu, ba ya motsi. A nan kuwa tutocin sun ratsa ta cikin gulbin kansa, ruwa ja yana tafiya, faɗinsa ya kai taku talatin. Mahayan suka tsaya a gaɓa, suka jefa dutse, suka ce ai bai da zurfi, suka koma mota. Yari ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga. Ya bi tsakiya ya ji laka na jan ƙafarsa. Ya koma ya bi ta hagu, dab da tuta, ya ji tsakuwa a ƙarƙashin tafinsa tun daga wannan gaɓa har waccan. Sau huɗu yana kai da kawowa yana ƙirga taku. Wani daga cikin mota ya ɗaga murya ya ce in ya kama tarwaɗa ya rage musu.

Ranar taku, da aka kira shi a ƙarshe, filin ya ɗauki dariya. “A ɗora mata buhu!” in ji wani. Daga rumfuna ingarmu suka kaure da haniniya. Yari ya ji kunya ta kama shi, ba zai ɓoye wannan ba ko yau ka tambaye shi. Amma gwiwoyinsa suka tuna ganyen mangwaro. Shamuwa ta yi tafiyarta, ta juya inda ake juyawa, ta tsaya ƙafafu huɗu a jere. Alƙalai suka sa ta ta huɗu. Aradu, da wani ƙwararren mahayi da Alhaji ya ɗauko daga Kaduna, shi ne na ɗaya, kuma ya cancanta.

Rana ta biyu duk Bungudu ta koma bakin gulbi. Doki na farko ya taho a guje, ya tsallake gungume da rami ba gardama, ya iso gaɓa, ya ga ruwa na tafiya rana na walƙiya a kansa, ya kafe ƙafafu, mahayin ya wuce ta saman kansa. Na biyu ya ja da baya yana huci. Dabbar da tun haihuwarta ake kawo wa ruwa a baho, yau an ce ta faɗa cikin ruwan da ke gudu, ina za ta yarda? Aka yi ta bulala da ƙaimi, abin ba kyan gani. Bakwai aka fitar a wurin. Sauran sun shiga bayan turjiya ɗaya ko biyu, suka bi tsakiya, laka ta cinye musu lokaci. Aradu ya turje sau ɗaya, sannan ya yi zuciya ya ratsa da ƙarfin tsiya.

Kafin a zo kan Yari, la'asar ta yi, kofatai sun dame gaɓar ta zama kunu. Ya taho ba gaggawa, ya karkata hagu dab da tuta. Shamuwa ko kunne ba ta kaɗa ba, ta shiga ruwan kamar mai shiga gida. Jama'a suka ruɗe da ihu da fito. Fiton nan ya kusa jawo masa asara, domin a tsakiyar gulbi Shamuwa ta ji an yi abin da ake yi mata in an ce ta sha, ta rage gudu ta kai baki ruwa. Yari ya ɗago ta a hankali.

“Ba yanzu ba, ɗiyar gida. In mun gama.”

Ta ɗaga kai, ta taka tsakuwar da ya ƙirga, ta haye. Su kaɗai ne suka gama daji ba turjiya kuma cikin lokaci. Da aka haɗa lissafi da yamma, goɗiya ce a gaba, Aradu na biye. Tazarar da ke tsakaninsu ta sanda ɗaya ce: in ta kayar da guda tana nan a gaba, in ta kayar da biyu kofi ya koma falon Alhaji.

Rana ta uku ba wanda ya ambaci buhu. Aradu ya shiga ya tsallake sanduna goma sha biyu bai taɓa ko ɗaya ba, aka yi masa tafi, Yari ma ya tafa, don shi ya hore shi. Sannan aka kira ta ƙarshe. Ta tsallake na ɗaya, na biyu, na uku. Tana dosar na huɗu wani ingarma ya tsinke igiya a bayan rumfa ya saki haniniya, ta waiga da kunne ɗaya, ƙafarta ta baya ta daki sanda, sandar ta faɗi. Saura takwas, kuma ba sauran rangwame.

Saje Luka ya ce shi daga nan rufe ido ya yi yana addu'a, bai ga komai ba. Yari kuwa ya ce a nan ne tsoro ya sake shi. Ya san ta, ta san shi, shekara tara ba wanda ya taɓa yi wa wani ƙarya a cikinsu. Ya sassauta linzami ya bar mata wuyanta, yana ƙirga taku a bakinsa yadda ya saba tun kwazazzabon 'Yankuzo. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ta dira bayan na ƙarshe ya waiwaya, duk suna nan a inda aka ɗora su.

Mai sanarwa ya ɗauki lasifika. Bakinsa ya riga ya saba, ya ce, “Dokin Alhaji...” sai ya tsaya, ya duba takarda, ya gyara murya. “Goɗiyar Yari 'Yankuzo ta ci!” Daga bayan shinge matan gidan su Bara'atu suka rangaɗa guɗa. Yari ya sauka ya kifa fuskarsa a wuyan Shamuwa ya yi kuka, kukan daɗi, bai damu da wa ke kallo ba. Wannan karon Saje ne ya riƙe linzami, Yari da kansa ya je ya karɓi kofin.

Alhaji Mahadi ya ratso jama'a ya kama hannunsa da hannu biyu. Mutumin kirki ne, an faɗa tun farko.

“Ka ba ni kunya, Yari, kuma na yarda. Maganar da niy yi na janye ta. Ka dawo barga. Goɗiyar ga ka sayar mani, ka hwaɗi abin da kake so. Ai ba a rubuta komi ga kohin ba tukuna.”

Yari ya rusuna, kofin na rungume a ƙirjinsa. “Alhaji, tara na wurinka, kuma ban yi baƙin ciki da ko guda ba. Wanga ɗaya, bar mani shi.”

Bai koma bargar ba, ko da yake suna gaisawa da Alhaji har Allah ya yi masa rasuwa. Shekarar farko man gyaɗan Bara'atu ne ya riƙe gidan, kamar yadda ta ce. Daga baya masu dawaki suka fara aiko masa da ingarmunsu ɗaya bayan ɗaya a koya musu shiga ruwa, shi ne aikin da yake yi har yau. Shamuwa ta haifi uku, ta mutu da tsufa a bayan ɗakin da ta girma. Ƙungiyar ma ta watse da rashin tsaro ya lalata hanyoyi. Amma in ka zauna da Yari ka tambaye shi ranar da ya fi tunawa, ba zai ce maka ranar gulbi ba. Litinin ɗin da ta biyo baya zai ce.

Ranar ya naɗe kofin a zanen Bara'atu, suka tafi kasuwar Gusau tare, wurin Daniel mai sassaƙa hatimi, wanda shi ya rubuta duk kofuna taran nan. Daniel na ganin Yari da kofi ya ɗauki ƙarfensa ya kafa, zai fara abin da hannunsa ya saba.

“Tsaya, Malam Daniel!” in ji Bara'atu. “Ba na Alhaji ba na.”

Daniel ya ɗago ya dube su, ya cire tabarau ya goge, ya tambayi abin da za a rubuta. Yari ya ce a sa sunansa kawai, yadda ubansa ya raɗa masa, a ƙasa kuma a sa na goɗiyar. Ba a daɗe ba aka gama. Daniel ya hure ƙurar ƙarfen ya miƙa masa.

Yari bai kalli rubutun ba, don kallo ba zai gaya masa komai ba. Ya ɗora babban yatsansa a inda suna ke farawa, ya ja a hankali, yana shirin zagayawa har bayan kofin kamar kowace Juma'a. Bai yi nisa ba yatsan ya faɗa kan ƙarfe sumul. Ya koma farko ya sake bi. Nan ma haka.

“Har ya ƙare?” ya tambayi matarsa.

Bara'atu ta karɓi yatsan ta ɗora shi a kan baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya tana karanta masa, guda huɗu ne.

“Ya ƙare, Malam. Sunanka ke nan duka, ba a rage komi ba.”

Ya sake bi da yatsan, sau uku, sau huɗu, a tsaye a tsakiyar kasuwa, masu kaya na ce masa gafara. Sannan ya naɗe kofin a zanen, ya ce mata su biya ta wurin masu lemon tsami kafin su koma gida.